Layin da Baba Ya Hana Ni Sakawa

Ke da kika rubuto a ƙarƙashin kashin da ya wuce cewa Mai Jaka ba zai kai labari a gaban Baba ba, matso kusa, da ke nake. Na ga saƙonki, na ga waɗanda suka danna miki alamar zuciya, kuma duk na yafe muku, don yau ba ni da wurin ajiye fushi.

Ga waɗanda suka shigo yanzu: ni ce Auta a gidanmu, aikina gina shafukan intanet. Mai Jaka kuwa shi ne mutumin da nake so, irin aikina yake yi a wani kamfani. Umma ce ta raɗa masa sunan, don tun da ta fara leƙensa ta taga ba ta taɓa ganinsa babu jakar kwamfuta a baya ba. Daga baya Umma ta gaji da leƙe. Kullum maganarta ɗaya ce: "Mutum ya yi ta zarya a ƙofar gida kamar mai karanta mitar wuta? Ko ya shigo ya ga mahaifinki, ko ya ba wasu wuri." Shi ne aka sa masa ranar Asabar da la'asar ya zo ya ga Baba.

To amma ganin Baba ba gaisuwa ba ce kawai. Baba mai gyaran rediyo ne, ya rufe shago da ido ya fara ba shi matsala, sai dai kwaso shagon ya yi ya jera mana a falo. Ba ya tambayar mai neman 'yarsa albashi ko dangi. Rediyo yake miƙa masa ya ce a ɗan duba masa, rediyon da ya riga ya sassauta maɓallinsa yadda ana murɗawa zai fita a hannu. Yana miƙawa sai ya ce bari ya ɗauko tabarau, ya bar mutum shi kaɗai da abin da ya ɓata. Wanda ya fara neman Yayata ya cusa 'yar takarda ya liƙe maɓallin, da Baba ya dawo ya ce ai rediyo lafiyarsa ƙalau. Baba ya raka shi har bakin titi da fara'a, daga ranar ko sunansa ba a sake ambata a gidanmu ba. Yaya ta yi kuka, Umma ta yi magiya, Baba bai motsa ba. Mijinta na yanzu kuwa, Baba ya dawo ya tarar da shi riƙe da maɓalli a tafin hannu, ido ya raina fata, yana cewa, "Baba, na yi ɓarna." Yanzu 'ya'yansu har sun shiga makaranta.

Zuwa ɗaya ake yi a wurin Baba, ba a maimaita jarrabawa. Don haka na yi abin da duk mai hankali za ta yi, na fitar wa Mai Jaka da amsa tun kafin rana.

Da safe na tura masa: "Ka tuna? Maɓalli zai fita. Kar ka liƙe, kar ka sa a aljihu."

Ya amsa: "Ranki ya daɗe, na haddace. Zan ma yi kuka idan ana so."

"Ba a so. Kuma ka bar jakar nan a gida."

"Wannan kam sai dai a fasa auren."

Na sa doguwar riga mai ruwan ganye, na cire, na sa mai ruwan toka, Umma ta leƙo ta ce ta'aziyya za ni? Na koma ta farkon. Ta gyara min mayafi, ta fesa min turarenta da ba ta ba kowa, ta ce in daina taunar leɓe. A falo an shimfiɗa sabon mayafin kujeru, an goge teburin gilashi har yana ɗaukar ido. Umma ta so ta rufe rediyoyin Baba da zani, ya ce duk wanda ya rufe masa su shi ma a rufe shi.

Mai Jaka ya iso cikin farar riga da ta sha guga, an yi aski, da jakar a baya. Umma da ke bayan labule kusa da ni ta ce a hankali, "Har yau da ita." Ya durƙusa ya gaida Baba. Na shigo da shayi da biskit, na ajiye ban kalli kowa ba, na koma bayan labulen da ke tsakanin falo da baranda, inda nake iya hango kafaɗarsa da rabin teburi.

Suka taɓa hira a kan zafi da cunkoson hanya. Ina jiran in ga Baba ya miƙa hannu kan kanta ya sauko da rediyo. Sai na ga ya sunkuya ƙarƙashin kujera ya jawo tsohuwar kwamfutata, wadda na bar masa yake rubutu da ita.

"An ce min kai ma irin aikin Auta kake yi."

"Eh, Baba, ana taɓawa."

"To ina da shafi. Wurin neman nan nasa ya dame ni. Na yi rubutu da yawa a kan ƙarar rediyo, amma in na rubuta Ƙara da babban harafi sai ya ce min babu. Ɗan duba min."

A take na gane amsar da na ba shi ba ta da amfani.

Masu jiran soyayya, ku yi haƙuri in ɗan shiga da ku ɗakin aiki, in ba haka ba ba za ku gane abin da tsohon nan ya shirya ba. Da Baba ya rufe shago na gina masa shafi don kada zama ya cinye shi. A nan yake rubuta duk abin da ya sani na gyara, da yatsa ɗaya, kuma ba ya yarda ya rubuta ƙ ko ɗ ko ɓ babu ƙugiyarsu. Rubutun da kuke gani a shafi ba a shafin yake kwana ba, akwai rumbun bayanai a baya inda ake ajiye shi. Tsakanin shafi da rumbu akwai haɗi, kuma a bakin haɗin ake sa layi ɗaya da zai gaya wa rumbu da wane tsarin haruffa za a yi magana. Wanda ya san haruffanmu sunansa utf8mb4. In babu layin, rumbun Baba sai ya ɗauka da tsohon tsari ake masa magana, latin1, wanda bai san ƙugiya ba. Lokacin da na gina shafin ina sabon hannu, layin bai shiga ba. Kuma ba wanda ya lura, don rubutun yana shiga a karkace, ya fito ta wannan karkatacciyar hanyar, sai ya miƙe a idon mai karatu. Wurin nema ne kaɗai ke tona asiri.

Watannin baya na gano haka na gaya wa Baba. Na ce gyaran yana son a rufe shafi na ɗan lokaci a miƙar da tsohon rubutu gaba ɗaya, don in aka sa layin kawai, duk abin da ya taɓa rubutawa zai koma shirme a kan allo. Ya sa na maimaita masa wannan na ƙarshen, sannan ya ce, "Bar shi. Kar ki taɓa." Na ɗauka halinsa ne na son ajiye abin da ya lalace. Ashe wanda ya riga ka kwana zai riga ka tashi: Baba ya san zan fitar da amsar rediyo, shi ne ya canza tambaya.

"Bari in ɗauko tabarau," in ji Baba, ya miƙe ya fita ta ɗaya ƙofar.

Na zaro waya na tura wa Mai Jaka saƙo: "Tarko ne. Kar ka sa layin haɗin." Na sake turawa: "In ya ɓaci kar ka ɓoye." Na sake: "Duba wayarka mana." Babu saƙon da ya shiga. Mutumin da ba ya kashe waya ko a gadon asibiti, yau ya kashe ta don ladabi ya jefa a jaka. Saƙon Yaya ne ya shigo a madadin amsarsa: "An ba shi rediyon?" Na rubuta mata, "An ba shi abin da ya fi rediyo." Na yunƙura zan ɗaga labule, Umma ta damƙe min hannu.

"Ina za ki?"

"Umma, kalma ɗaya kawai."

"Kina leƙawa mahaifinki zai sani. Kin fi ni saninsa."

Haka na tsaya ina kallo. Na ga ya buɗe fayil ɗin haɗin, ya ɗan gyaɗa kai irin na wanda ya ga abin da yake zato. Kafin ya taɓa komai ya zaro ɗan filashi daga jaka ya kwafe rumbun gaba ɗaya, na ce a raina Allah ya yi maka albarka, ko ba komai ka yi wannan. Sannan ya rubuta layin, ya sabunta shafi.

Daga inda nake na hango allon. Inda Baba ya rubuta ƙara ya koma Æ™ara. Kowace ɗ ta zama É— , kowace ɓ ta zama É“, tun daga sama har ƙasa, rubutun shekaru. Mai Jaka ya janye hannunsa daga kwamfutar kamar ya taɓa tukunyar zafi. Na ga zufa ta fara ɓata bayan farar rigar nan. Ya waiwaya ƙofar da Baba ya fita, ya dawo da ido kan allo.

Sai ya goge layin, ya sabunta, komai ya dawo daidai kamar ba a taɓa ba.

Ba zan ɓoye muku ba, na fidda rai. Na jingina da bango. Umma ba ta gane abin da ya faru a allon ba, amma ta gane fuskata, ta saki hannuna a hankali. Na ce shi ke nan, ya liƙe maɓalli. Na fara hango Baba yana raka shi bakin titi da wannan fara'ar, na ji ina jin haushinsa, ina jin tausayinsa, kuma ina sonsa fiye da yadda na sani da safe.

Baba ya dawo da tabarau a hanci. Ya leƙa allon, ya ga shafinsa sumul. Fuskarsa ba ta nuna komai ba, sai dai na ga ya ɗan daɗe kafin ya zauna.

"Yaya, samari, ka duba?"

Mai Jaka ya goge goshi da bayan hannu. "Na duba, Baba. Na kuma ɓata shi."

"Ni ban ga ɓarna ba."

"Na mayar ne don kada masu karatunka su buɗe su tarar da shi a haka. Amma sai ka gani da idonka." Ya juya kwamfutar wajen Baba, ya sake sa layin, ya nuna masa shirmen, sannan ya sake cirewa. "Na ga layi ɗaya ya ɓace, na yi gaggawar sakawa ban fara leƙa cikin rumbun ba. Laifina ne. Rubutunka bai salwanta ba, na kwafe shi tun farko. Amma a karkace yake ajiye, Baba. Shiga da fita ne suka karkace tare, shi ya sa ake ganinsa daidai."

Baba ya ce, "Wato an juya jar waya da baƙa a kai biyu. Rediyo na magana. Ka gyara kai ɗaya ya mutu."

"Haka ne, Baba."

Umma ta raɗa min, "Ya ci ko ya faɗi?" Na gyaɗa mata kai alamar ya ci, hawaye na neman ɓata min kwalli.

"To sai ka gyara ɗaya kan," in ji Baba, ya jingina ya ɗauki shayinsa da ya huce.

Na san Mai Jaka, na san zai iya lalubowa. Amma ya kalli allon ya ce, "Na san yadda ake yi a karatu, ban taɓa yi a kan rubutun mutum ba. In aka yi kuskure haruffan za su koma alamar tambaya, wannan kuma ba ya dawowa. Wadda ta gina rumbun ta fi ni sanin lungunansa. In ka yarda, a kira Auta mu yi tare. Ba na so in koyi aski a kanka."

Kofin ya tsaya a hanya bai kai bakin Baba ba. Duk shekarun da ya yi yana ɗana wa mutane tarko, ya ga mai ɓoyewa, ya ga mai kuka, bai taɓa ganin wanda ya ce a kira masa yarinyar da ya zo nema ta nuna masa aiki ba. Ya leƙo ta saman tabarau wajen labule.

"Auta, tunda dai tun ɗazu ƙafafunki nake gani a ƙasan labulen nan, fito."

Na fito kaina a ƙasa, Umma na biye da ni tana cewa, "Malam, da kwalliyar tata za ta zauna aikin kwamfuta?" Baba ya ce kwalliya ba ta hana yatsa motsi. Ya matsa tsakiyar doguwar kujera, ya sa ni a dama, Mai Jaka a hagu, kwamfuta a kan cinyarsa shi, yadda duk mai son rubutu sai ya miƙo hannu ta gabansa. Ban taɓa yin aiki a matse irin na ranar ba, ban kuma taɓa jin daɗin aiki irinsa ba.

"Mu fara rufe shafin," na ce, ina ƙoƙarin kada muryata ta fallasa ni. "In wani ya rubuta sabon sharhi bayan mun sa layin, nasa zai shiga a miƙe, gyaranmu kuma ya karya shi."

"Na rufe," in ji Mai Jaka. "A kan kwafi za mu gwada?"

"A kan kwafi. Kuma sau ɗaya ake juya kowane rubutu, ka maimaita ka kashe shi."

"To ke ki rubuta, ni in karanta a bayanki."

Na rubuta umarnin da zai mayar da rubutun yadda ya shigo tun asali, ya sake karanta shi da utf8mb4. Mai Jaka ya tsayar da ni, ya ce na tsallake wurin da ake ajiye kanun rubutu. Na ce ban tsallake ba, ina zuwa. Ya ce to. Na duba na ga na tsallake ɗin, na gyara a sace, Baba kuwa ya yi wani ɗan tari da ba na mura ba. Umma ta sake ɗora shayi, ta dawo ta tsaya a kanmu tana tambaya ko an gama, kamar mai jiran a sauke tukunya.

Kwafin ya fito tas. Muka yi wa na gaskiyar, muka sa layin a bakin haɗi, muka buɗe shafi. Baba ya rubuta Ƙara a wurin nema da babban harafinsa, sai ga rubuce-rubucensa sun jero har ƙasan allo. Ya yi murmushin da rabona da gani tun yana shago.

Mai Jaka ya ce, "Saura gwaji ɗaya, Baba. A rubuta sabon abu mai haruffan nan duka, a ajiye, mu ga ya shiga lafiya ya fito lafiya. Ko me aka rubuta ya yi."

"Ko me?"

"Ko me, Baba."

Baba ya jawo kwamfutar ya karkatar da ita yadda ba ma gani. Ya ɗaga yatsansa ɗaya. In kun taɓa jiran tsoho ya nemo harafi a kan kwamfuta, kun san irin jiran. Ya danna, ya duba, ya goge, ya sake. Ni ina wasa da bakin mayafi, Mai Jaka yana kallon rediyoyi kamar zai saya. Can Baba ya danna na ƙarshe ya juyo mana da allon.

"Ɗan nan bai ɓoye ba, bai ƙi tambaya ba. Na ba shi Auta."

Kowace ƙugiya na wurinta. Na karanta, na sake karantawa, sai haruffan suka fara rawa, wannan karon ba laifin rumbu ba ne, idona ne ya cika. Farin ciki ya kama ni har na rasa inda zan sa fuskata, na cusa ta a kafaɗar Umma, ita kuma tana dariya tana share nata idon da gefen zani. Mai Jaka ya zame daga kujera ya durƙusa. Baba ya dafa kansa ya ce, "Tashi, kar ka ɓata guga."

Wayata ce ta fara ƙara, sai ta Umma daga ɗaki. Na duba allon da kyau, sai a lokacin na lura ba ajiyewa Baba ya danna ba, wallafawa ya yi. Shafin kuwa duk wanda ya yi rajista yana samun saƙo a wayarsa da zarar Baba ya saki sabon rubutu: tsofaffin abokan shagonsa, dangi, maƙwabta. Yaya ta turo min saƙo babu kalma ko ɗaya, sai fuskokin kuka da na dariya a jere.

Sai wayar Baba ta ɗauka. Ya duba sunan, murmushin ya ɗan ja baya. Gwaggo ce, yayarsa, ita ta goya shi, kuma ita kaɗai ce a duniya in ta yi magana Baba ke cire tabarau. Ba a yanke magana a zuriyarmu ba a fara kai mata ba, yau kuma ta tsinci labarin auren Auta a waya tare da masu gyaran rediyo.

Baba ya kalli wayar, ya kalli Umma. Umma ta ce ita shayinta na kan wuta. Ya juya ya miƙa wa Mai Jaka.

"Ungo. Kai ka iya faɗin gaskiya."

Mai Jaka ya karɓa da hannu biyu, ya kalle ni, na ɗaga masa kafaɗa don wannan amsar ban da ita. Ya danna ya yi sallama. Muryar Gwaggo ta fito har inda nake, a natse, ba ta ko ɗaga ta ba.

"Kai ne ɗan da bai ɓoye ba? To kar ka motsa daga inda kake, kuma ka ce wa ƙanena kada ya je neman tabarau. Ga ni nan tafe."